Boris na Uku

A injin casa na bakin hanyar Argungu,
inda buntu ke shiga har tsakanin haƙora,
Arzika ya karɓe ni ina ɗan sha bakwai.
Bai ba ni sifana ba.
Sukundireba ya miƙo, doguwa, mai ƙotar itace,
ya ce: kafa bakinta a gidan boris,
ƙotar a kunnenka. Me ka ji?
Na ce, ƙara.
Ya ce, koma. Ƙara ai har jakin da ke wucewa yana ji.

Sai da wata biyu suka mutu na fara rarrabewa.
Lafiyayye shuu yake, kamar yayyafi a rufin ciyawa.
Mai ƙishi yana da siririn kuka.
Wanda datti ya shiga kuwa taunawa yake,
irin ta mai cin shinkafa da tsakuwa.

Goge bakin ramin kafin ka ɗora bindigar giris,
in ba haka ba da hannunka ka tura masa ƙasa.
Rufe bokitin. Cire yatsanka daga ciki.
Jan giris da rawaya ba uwa ɗaya ta haife su ba,
ka haɗa su, su tsinke kamar kunun da ya kwana.
Na kusa da tukunyar turara ka riƙa leƙa shi,
tururi ɓarawo ne, ta ƙofar allura yake shiga.
Sauran ya rubuta da alli a bango:
na uku, Talata, matsa huɗu.

Kaka ta yi. Motoci daga Suru, daga Augie,
sun jeru har bakin masallaci.
Arzika ya tafi ta'aziyya Gwandu.
Na ɗora bayan hannu a na uku, na ji ɗumi,
tausayi ya kama ni.
Na matsa huɗu. Na ce huɗu me za ta yi wa mai wannan aiki?
Na matsa goma, na ƙara goma,
har ya furzo ta gefen roba,
na koma gefe ina jin kaina mai kyauta.

La'asar, ƙauri.
Kafin magariba ya kafe, bel ya yi ihu ya tsinke.

Kwana uku ana jiran sabo daga Kano.
'Yan dako sun kwanta a inuwar motoci, ba ko sisi.
Gwamma mai sayen dusa ta zo sau biyu
ta koma da kwandonta a kife.

Da ya dawo bai ɗaga murya ba.
Ya wanke mushen a kananzir, ya juya shi ga haske:
shuɗi ya bi zoben kamar wuyan zabo.
Na ce, tsautsayi ne, Baba.
Ya ce, ruwa ba ya tsami banza.
Ƙwallayen nan gudu suke yi dare da rana.
Ka taɓa gudu a taɓon fadama har gwiwa?
Abin da ka sa su ke nan.
Ɗumin da ka ji nasa ne, na aiki.
Kai ne ba ka san jikinsa ba.
Ya danƙa min shi a tafi, da nauyi, da sanyi.

Yau injin ya cinye kunnen Arzika,
sai an yi masa magana da hannu.
Yakan zo ranar Juma'a ya zagaya,
ya taɓa wannan, ya taɓa wancan, ya gyaɗa kai ko ya ƙi.
Mushen yana kan tagata, ya danne takardar ranaku.
Jiya Nomau, sabon yaro, ya tambaye ni na mene ne.
Na miƙa masa sukundireba.